Jami'ar da Muka Je Dubawa Ana Hutu

A ƙauyenmu, can bayan duwatsun Roni, in ana hirar huɗa sai an sako mahaifina. Ba wai gonaki gare shi da yawa ba, biyu ne kacal, ɗaya a bakin hanyar Gwiwa, ɗaya a bayan gari. Layinsa ne abin magana. In ya dafa garma shanunsa suka ja, kunyoyin da za su fito tun daga bakin hanya har gindin tsamiyar da ke ƙarshen gona miƙaƙƙu ne sak, kai ka ce igiya aka ja. Ranar kasuwa masu kekuna sukan rage gudu su kalla, wani ma ya sauke ƙafa ya ce, "Malam, wannan hannu naka Allah ya bar mana shi." Baba sai ya yi kamar bai ji ba. Amma ni da nake gaba riƙe da igiya na san ya ji, don sai ya ƙara gyara tsayuwa a bayan garmar.

Shanun biyu ne, fari da ja. Tare aka sayo su suna 'yan maruƙa a kasuwar shanu ta Babura, tare aka huda musu hanci, tare suka koyi karkiya. Farin yana dama, Jan yana hagu, in ka kuskura ka sauya musu wuri sai su tsaya cak, ko za ka karya sanda a jikinsu ba za su motsa ba. Kuma su ne albashin gidanmu. Da damina in Baba ya gama tamu gonar sai ya shiga huɗar mutane a biya shi. Da rani a ɗaura musu amalanke su ja taki, su ja ƙasar gini, su ja itace. Maganin Inna daga nan yake fitowa, haka takalmin makarantar ƙannena, haka gishiri da kalwa.

Shi ya sa ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, aka ce na ci, makin kuma ya isa, kowa yana murna ni ina kallon turke. Na san gidajen da karatu ya shiga ya fito da shanu. Na ga maƙwabta sun kora nasu kasuwa saboda ɗa ɗaya, daga baya uban ya koma bin layin jiran mai garma, ana yi masa huɗa bayan ruwa ya yi nisa. Wallahi tsoro na ji, ba murna ba.

Jami'o'i biyu ne a gabana, kuma dole a tsayar da ɗaya kafin a rufe damar canzawa. Ɗaya tana cikin birni, in ka fita da safe kafin hantsi ya dubi ludayi ka isa. Ɗayar sabuwa ce, a wani ƙaramin gari mai nisa da ba zan faɗi sunansa ba, tafiyar da sai an sauya mota. Ni a raina ta birni nake so, ba zan ɓoye ba. Abokaina can suka nufa, akwai babban ɗakin karatu, akwai wuta, akwai wurin kallon ƙwallo, kuma ɗan ƙauye ma yana da rai. Amma duk sanda na fara wannan mafarki sai in ji Farin ya yi kuka a bayan ɗaki, in dawo hayyacina.

Kawu ne ya zo ya ɗaure mana kai. Ƙanin Inna ne, yana aiki a wani ofis a Kazaure, kuma a danginmu duk abin da ya shafi takarda shi ake tambaya, ko ya sani ko bai sani ba, amsa dai ba ya rasawa. Ya jingine babur ɗinsa, ya zauna a tabarmar Baba, ya shiga zuba.

"Yaya, kuɗin makaranta ba shi ne karatu ba," in ji shi. "Ta birni rajistarta da sauƙi, amma zama fa? Ɗaki kuɗi, mota kuɗi, ruwan sha kuɗi, ban da numfashi ba abin da ba a sayarwa. Waccan kuwa rajistar ta ɗan fi nauyi, amma an ce garin arha kamar a ba ka kyauta."

"An ce," in ji Baba. "Wa ya ce?"

Kawu ya sosa ƙeya, ya ce wani abokin aikinsa ne, shi ma surukinsa ne ya faɗa masa.

Inna tana bakin murhu tana jinsu. Ni ne ɗanta na fari, don haka a gaban mutane ba ta kama sunana, ba ta ma nuna maganata ta dame ta. Sai cewa ta yi, kamar da tukunya take magana, "Ni dai an ce birni yana lalata 'ya'yan mutane. Wanda ya fita da hula sai ya dawo da wani irin aski." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma duk mun gane ƙuri'arta.

To Baba yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In mutum zai sayi gona ko zai karɓi jingina, shi ake zuwa a ɗauka ya je ya duba. Kuma in da rani ne ba ya zuwa, ko ɗan'uwansa ne kai. Sai ya ce, "Yanzu me zan gani? Da rani kowace gona shimfiɗaɗɗiya ce. Ka bari ruwa ya sauka mu ga inda yake kwanciya, da inda yake cin ƙasa, da irin ciyawar da take fitarwa." Mutane da yawa sun ji haushinsa a kan wannan, daga baya suka dawo suna godiya. Don haka da ya ce shi ba zai zaɓa mini makaranta da an ce an ce ba, sai ya je ya gani da idonsa, hankalina ya ɗan kwanta. Na ce ai shi ke nan, mai duba gona zai duba.

Birni muka fara zuwa. Allah ya sa muka faɗa ana tsakiyar karatu, jarrabawa ta matso. Tun daga tasha Baba ya dafe aljihu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da hularsa. Cunkoson motoci ya riƙe mu har rigunanmu suka jiƙe. A bakin ƙofar jami'ar ɗalibai ne maƙil, suna turereniyar shiga motar da take kai su ciki, wani ya take wa Baba ƙafa bai ko waiwayo ba. Muka tambayi ɗakin kwanan ɗalibai, aka yi mana dariya aka ce sai mai rabo. Wani dillalin gidaje ya ja mu lungu-lungu ya nuna mana wani ɗaki a bakin kwata, ya faɗi kuɗinsa, Baba ya sa ya maimaita don ya zaci bai ji daidai ba. Muka ci shinkafa da wake a tsaye, 'yar mitsitsiya, Baba yana ci yana kallon kwanon kamar wanda aka cuta. A mota muna dawowa, da muka hango duwatsun Kazaure sai ya ce, "Wannan wuri zai cinye shanu da garma har da karkiya."

Bayan 'yan kwanaki muka kama hanyar ta biyun. Mun fita bayan asuba, muka sauya mota, ba mu isa ba sai da aka kusa azahar. Abin da ya fara ba mu mamaki shiru ne. 'Yan acaɓa suna kwance a kan baburansu a ƙarƙashin darbejiya, da suka gan mu sai suka taso suna rige-rige, kowa yana rage kuɗi, har aka kai mu kusan a banza. A bakin ƙofa muka tarar da mai gadi, wani dattijo mai fara'a, yana jin rediyo.

"Ai kuwa ana hutu, Malam," in ji shi. "Yara duk sun tafi gida."

"Madalla," in ji Baba. "Gara haka, sai mu duba a tsanake ba mai take mana ƙafa."

Ina tsaye a gefensa ya faɗi haka, na kuma gyaɗa kai. Mu hutun da muka sani na firamare ne da sakandare, inda in an dawo aji shi ne aji, rijiya ita ce rijiya, ba abin da yake canzawa sai hayaniya. Ba wanda ya kawo wani abu a ransa a cikinmu.

Mai gadi ya zaga da mu. Gine-gine sababbi, fenti bai ko dushe ba. Muka leƙa ɗakunan kwana ta taga, gadaje jere ba kowa, iska tana kaɗa labule. A bayan ginin akwai famfo. Baba ya murɗa, ruwa ya feso da ƙarfi har ya jiƙa masa wando. Ya yi dariya, ya tara hannu ya sha, ya yi alwala, ya sake murɗawa don kawai ya gani. A wajen makaranta wani mai gidan haya ya biyo mu da makullai a hannu, ya buɗe mana ɗakuna muka zaɓa, ya faɗi kuɗin da har ni sai da na ji kunyarsa, ya ce in ma ba mu da shi yanzu ba komai, ai ana tare. Mai abinci ta zuba mana tuwo malmala manya, ta ƙara mana nama ba mu roƙa ba. Baba ya suɗe hannu ya dube ni.

"Ka gani ko? Ga ruwa, ga wurin kwana, ga mutanen kirki. Nan za ka yi."

Na ce to. Raina ya so birni, amma na lissafa a zuciyata na ga gyaɗar bana za ta iya ɗaukar rajista, abinci kuma daga gida za a riƙa kai mini, shanu za su zauna a turkensu. Daminar nan na ja igiya da ƙarfina, ina ma yi wa Jan waƙa, shi da ba ya son hayaniya.

Bayan kaka sunana ya fito. Aka sayar da gyaɗa aka biya rajista. Inna ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya aikin hajji a ƙasa: garin masara, gero, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, man gyaɗa a galan, da ɗan risho. Ba ta raka ni ko zaure ba, daga ɗaki ta ce, "A dai riƙa sallah a kan lokaci."

Da na sauka a garin sai na zaci direba ya ɓatar da ni. Darbejiyar tana nan, amma ba ko babur ɗaya a ƙarƙashinta, duk suna kan hanya da mutum biyu-biyu, kuɗin kuma ya ninka. Ƙofar da muka tarar da mai gadi yana jin rediyo yanzu ba masaka tsinke. Na je neman gado aka ce tsofaffin ɗalibai sun kama tun kafin mu zo, sauran kuma an raba. Na ja buhuna zuwa wurin mai gidan hayar nan. Ya dube ni sama da ƙasa kamar bai taɓa ganina ba. Na tuna masa, na ce ni ne na zo da babana. Ya ce ɗaki ɗaya ya rage, ya faɗi kuɗinsa, kuma na shekara gaba ɗaya a dunƙule. Abin da ke aljihuna ko rubu'i bai kai ba.

Na zauna a kan buhun a bakin hanya. Jan da Farin kawai nake gani.

Wani ɗan Babura ne ya cece ni, yana aji biyu. Ya ji maganata ya gane ɗan yankinsu ne, ya ce in zo in raɓa a ɗakinsu kafin Allah ya kawo mafita. Ɗakin an yi shi ne don mutum kaɗan, amma takalman da ke bakin ƙofa kai ka ce masallaci ne. Na samu gefen ƙofa na shimfiɗa tabarma, duk mai fita sai ya tsallake ni. Ba wanda ya ce in biya ko sisi, amma ai mutum ba zai raɓu a ɗakin mutane ya ɗaure bakin buhunsa ba. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowa ya sa hannu. Abincin da Inna ta auna zai kai ni ƙarshen zango, kafin a kai tsakiya na ga gindin buhu. Ƙuli-ƙulin kam ko mako bai yi ba, wani ɗan kudu da ke ɗakin ya ce bai taɓa cin irinsa ba, ni kuma uban 'yan alfahari na ce ya ci ya ƙoshi.

Famfon da ya jiƙa wa Baba wando kuwa, jarkoki ne a jere tun daga bakinsa har kwanar ginin. Ruwan tanki ne, sai an kawo wuta a tura shi sama, in ya zo kuma kafin layi ya yi rabi ya ɗauke. Na sha zaɓa tsakanin lacca da ruwa. In na je lacca a tsaye nake ji ta taga, littafi a kan tafin hannu, in na tsaya layi in rasa laccar. Masu hali suna sayen na 'yan garuwa. Mai abincin nan ma na koma wurinta sau ɗaya, malmalar ta koma kamar ƙwan kaza, nama kuwa sai dai ka ji ƙamshinsa.

In Baba ya kira a waya sai in ce lafiya lau, komai daidai. Me zan ce? Na san in na buɗe baki ƙafa huɗu za ta bar gidanmu. Na gwammace in ƙare a gefen ƙofar nan.

Inna ce ta gano ni. Daga baya aka faɗa mini cewa ta yi wa Baba, "Muryar wancan ta ƙanƙance. Ba ya ƙoshi." Wata ranar da rana ina layin famfo, na kifa kai a kan jarka, sai na ji an tsaya a kaina. Na ɗaga ido na ga Baba, rabin buhu a kafaɗa, rigarsa ta zuwa Juma'a duk ta yamutse. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, amma ba ni yake kallo ba, layin yake bi da ido har ƙarshensa.

"Ina ruwan?" ya tambaya.

"Sai an kawo wuta, Baba."

Ya ajiye buhun, ya ratsa jarkoki ya je ya murɗa famfon da hannunsa. Ya yi 'yar ƙara, ko ɗigo bai fito ba. 'Yan layi suka yi dariya, wani ya ce, "Baba, ai mun gwada." Ya ce in kai shi inda nake kwana. Na so in yi masa hanya-hanya, ya ce, "Wuce mu je." Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli takalma, ya kalli tabarmata, ya ɗaga buhuna da yatsu biyu ya ajiye. Daga nan ya ce mu je wurin mai gidan haya. Can ma bai yi faɗa ba, tambaya kawai ya yi, yaya ɗakin da aka ce musu kaza ya koma kaza.

"Haba Malam," in ji mutumin, "ai lokacin hutu kuka zo. Lokacin ko akuya ce ta zo da kuɗi zan ba ta ɗaki."

Na raka shi tasha. Muka zauna a benci muna jiran mota ta cika. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Da rani na zo duba gonar nan. Ni da kaina. Ta birni na gan ta ruwa yana sauka, wannan na gan ta a bushe, na ce ta fi."

Ban taɓa jin Baba ya yi magana da irin wannan murya ba, sai na ji duk na tsani makarantar da garin da famfonsu. Na ce masa ba komai, zan iya jurewa, wasu ma haka suke yi. In kuma ya ga ba za ta yiwu ba in dawo gida, baɗi in sake jarrabawa in nemi ta birni. Ya ce rajistar da aka biya fa, a bar musu ita sadaka? Kuma wa ya ce mini ta birnin za ta fi sauƙi? Da kwandasta ya fara kiran mutane sai na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, don girman Allah kada a taɓa shanu."

Ya zare hannunsa. "Kai dai ka yi abin da ya kawo ka. Garmata ba za ta kwana a rataye ba bana, in sha Allahu."

Ba a jima ba Kawu ya turo kuɗi. Ya ce adashen Inna ne ya fito, aka haɗa da ragowar gyaɗa. Na san adashen Inna, na san ragowar gyaɗarmu, ko an haɗa da kajin gidan ba za su kai haka ba. Na matsa masa, ya ce, "Kai, ni ina da aiki a gabana," ya kashe waya, Kawun da in ya fara magana sai katinka ya ƙare. Muka kama ɗaki ni da ɗan Baburan nan muka raba kuɗin. Na samu katifa, na samu inda zan ajiye littafi, ina iya sayen ruwa in tafi lacca. Amma wallahi barcin da na yi a gefen ƙofa ya fi wannan daɗi. Duk sanda na kira gida sai in manna wayar a kunne ina sauraron bayan muryoyinsu. In na tambayi Inna ya shanu, sai ta ce, "Ka ji da karatunka." Wata rana ina magana da ƙanwata na ji kukan sa a bayanta. Na gane muryar Farin ce. Na yi ajiyar zuciya, na ce in Farin yana nan ai Jan yana nan, don ba mai hankalin da zai raba su. Da wannan na rarrashi kaina har na gama jarrabawa.

An ba mu hutu ruwa ya riga ya zauna. Daga Roni na hau acaɓa, gari ya yi kore shar, ƙasa tana ƙamshi. Hanyarmu ta bakin gonar Baba take bi, wadda ake sa wa gyaɗa. Tun daga nesa na fara miƙa wuya. Da muka zo daidai sai na dafa kafaɗar ɗan acaɓan na ce ya tsaya.

An yi huɗa. Amma layin ya tashi daga bakin hanya ya yi 'yar tafiya, sai ya karkata hagu, ya dawo, ya sake karkata. Wani wuri kunyoyin sun matse, wani wuri sun buɗe har mutum ya kwanta a tsakani. Ba ɗaya da ya isa gindin tsamiya a miƙe. Na san wannan ba hannun Baba ba ne, kuma Baba yana da rai da lafiya ba zai bar wani ya taɓa masa gonar bakin hanya ba. Sai na manta da shanu gaba ɗaya. Na ce shi ke nan, yana kwance, ɓoye mini aka yi don kada in fasa jarrabawa. Ban san lokacin da na ce wa ɗan acaɓan ya yi sauri ba, ban kuma san ko na karɓi canjina ba.

Na faɗa gida ko sallamar kirki ban yi ba. Ga Baba zaune a tabarma lafiyarsa ƙalau, yana gyaran igiya. Ya ɗago ya ce, "A'a, 'yan jami'a. Haka ake shiga gida a can?" Na zube na gaishe shi, ina jin daɗi kamar in yi kuka. Sai da numfashina ya dawo sannan na waiga bayan ɗaki. Farin yana tsaye yana tuƙa. Turken hagu yana nan, an share gindinsa tas, ba kashi ba ragowar harawa.

Inna ce ta ba ni labari da yamma, tana tankaɗe, ba ta dube ni ba. Da ƙafa Baba ya kora Jan har kasuwar Babura, bai yarda a sa shi a mota ba. Jan aka zaɓa don shi dillalai suka fi yi wa kuɗi. Farin ya yi kwanaki ba ya cin abinci, sai kuka. Da ruwa ya sauka Baba ya je wurin wani maƙwabcinmu da shi ma sa ɗaya ya rage masa, suka yi haɗaka: a haɗa shanun a karkiya ɗaya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Huɗar mutane kuwa babu ita bana, masu kawo kuɗi sun koma wurin wani. Ta kaɗe rariya ta ce, "An ce an samu ɗaki mai ƙofa?" Na ce an samu. Ta ce to alhamdu lillahi.

Washegari ranarmu ce, akwai sauran gefen gonar da ba a ƙarasa ba. Ban jira an ce mini ba na karɓi igiya. San maƙwabcin baƙi ne, gajere, bai gama koyo ba. Farin yana jefa ƙafa mai tsawo, shi yana tsuttsut, karkiyar ta karkace a wuyansu, garma tana fizgar hagu. Kowane 'yan taku sai Farin ya juya kai ya shinshini na kusa da shi, ya huro hanci. Baba yana baya yana kokawa, ya danne hannu ɗaya ya ɗaga ɗaya, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Da muka kai tsamiya muka juya na ga abin da muka bari a baya, sai na waiga wurin Baba.

"Baba, ai na roƙe ka."

"Na ce maka garma ba za ta kwana ba. Ga ta tana aiki." Ya share gumi da gefen riga. "Ni na zaɓi gonar, ni zan biya kuɗin gyaranta. Ja mu je, rana tana yi."

Ranar kasuwar Gwiwa ce. Muna tsakiyar layi wani mai keke ya taho, dattijon nan da ya saba sauke ƙafa. Ya rage gudu kamar kullum, ya dubi gonar, ya dubi shanun, ya dube ni. Ya buɗe baki, sai kuma ya ce, "Sannunku da aiki, Malam," ya taka kekensa ya wuce.

Baba ya amsa masa, "Yawwa, sannu." Bai ɗago kai ba.